Wa ke ba huhu umarni? Yadda tushen ƙwaƙwalwa ke tsara numfashi, da abubuwan da ke tsayar da shi shiru

Tun watan Mayun 2018, lokacin da Gwamnatin Tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin, zancen da aka fi yi a Kano na tarbiyya ne: shaye-shaye, lalacewar matasa, matan aure da suka tsunduma ciki. Da aka tayar da dillalan magunguna daga Sabon Gari zuwa Dangwauro a 2024, nan ma maganar kasuwa da doka ce ta rinjaya. Akwai tambayar da ba a cika amsawa ba, alhali ita ce ke ɗaure wa iyalai kai. Ta yaya maganin da aka yi don tari zai kashe saurayi mai huhu garau, yana kwance yana barci, ko kakari bai yi ba? Me ya sa jikinsa bai tashe shi ba, kamar yadda yake tashin wanda mayafi ya toshe wa hanci?

Amsar tana wani ɗan wuri a cikin ƙeya. Kuma wanda ya fahimci aikin wurin zai ga cewa mutuwar kodin, da ta hayaƙin janareta, da ɗaukewar numfashin bakwaini, duk hanyarsu ta nan take bi.

Huhu ba ya numfashi da kansa

Huhu ba shi da tsokar jan iska. Mai aikin ita ce wata faffaɗar tsoka da ta raba ƙirji da ciki, wadda ke fizga idan shaƙuwa ta kama mutum, tare da ƙananan tsokokin tsakanin haƙarƙari. Idan faffaɗar tsokar ta ɗaure sai ta yi ƙasa, ƙirji ya buɗe, iska kimanin rabin lita ta shiga. Idan ta saki, huhu ya koma yadda yake, iskar ta fita. Ke nan ga wanda ke zaune yana hutawa, shaƙa ce kawai ke buƙatar umarni. Babba yana yin haka sau 12 zuwa 20 a minti, wajen sau 20,000 tsakanin dare da rana.

Zuciya tana ɗauke da mai ba ta bugu a jikinta, shi ya sa mahauta kan ga zuciyar dabba tana ɗan motsi bayan an ciro ta. Tsokar numfashi ba haka take ba. In saƙo bai zo mata ba, ko sau ɗaya ba za ta motsa ba. Saƙon yana fitowa daga tushen ƙwaƙwalwa, wato ɗan sashen da ya haɗa ƙwaƙwalwa da laka, wanda girmansa bai wuce babban yatsa ba. Ɓangarensa na ƙasa likitoci suna ce masa madula, na samansa kuma fons. Daga madula saƙon yake gangarawa cikin laka, ya fita ta wajen ƙashin wuya na 3 zuwa na 5, ya bi wata doguwar jijiya har zuwa faffaɗar tsokar. Wannan ne dalilin da ya sa wanda lakarsa ta tsinke a saman wuya a hatsarin babur yake daina numfashi nan take, ko da huhunsa da ƙwaƙwalwarsa lafiya lau suke, alhali wanda tasa ta tsinke ƙasa da haka zai iya shanyewa amma ya ci gaba da numfashi. Shi ne kuma dalilin da ma'aikatan agaji ke hana a finciko wanda ya yi hatsari kansa na lilo.

Numfashi yana da iyayen gida biyu. Alaramman da ke jan doguwar aya da numfashi ɗaya, saman ƙwaƙwalwarsa ne ya karɓi ragama, ta wata hanya daban da ke sauka zuwa laka. Amma riƙon ƙwarya ne. Da ya yi barci, ko ya suma, ko hankalinsa ya koma wani abu, ragamar ta koma hannun tushe.

Yadda aka gano wurin

A 1812 wani likitan Faransa, Legallois, ya riƙa yanke ƙwaƙwalwar zomo kaɗan-kaɗan daga sama zuwa ƙasa. Numfashi bai tsaya ba sai da wuƙa ta iso wani yanki na madula. A 1923 Lumsden a Ingila ya nuna, da gwaji a kan kyanwa, cewa fons ma yana da hannu, musamman wajen yanke shaƙa kada ta yi tsawo. Daga nan aka shafe shekaru da dama ana koyar da ɗalibai cewa akwai "cibiyoyin numfashi" a warwatse, ba tare da an iya nuna inda bugun yake farawa ba.

Abin ya canza a 1991. Jeffrey Smith da Jack Feldman da abokan aikinsu a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles sun yi ta yanka madular jariran ɓeraye siriri-siriri, har suka sami yanki guda da kaurinsa bai kai milimita 1 ba. Suka sa shi cikin ruwan da ke raya shi, ba huhu, ba jini, ba sauran ƙwaƙwalwa, sai ga shi yana ta fitar da saƙon shaƙa a kan tsari. Suka sa wa dunƙulen suna preBötzinger. Akwai ɗaya a dama, ɗaya a hagu, kowane da 'yan dubban ƙwayoyin jijiya a jikin ɓera. A 2008 aka toshe aikin wani rukuni na waɗannan ƙwayoyi a manyan ɓeraye da idonsu biyu, numfashinsu ya ɗauke, har sai da aka sa musu na'ura. Abin lura shi ne ɓerayen suna farke, amma farkawar ba ta cece su ba. A 2011 masu bincike a Jamus suka nuna makwancin wannan dunƙule a ƙwaƙwalwar ɗan Adam. An same shi a kyanwa da zomo da akuya ma, don haka ana ɗaukarsa gadon dabbobi masu shayarwa baki ɗaya.

Wa ke fara bugun?

Sanin wurin bai kashe gardama ba. Tambayar da ta raba masana fiye da shekaru 30 ita ce: ta yaya tarin ƙwayoyi zai san lokacin cewa "shaƙa", ya yi shiru, ya sake cewa "shaƙa"?

Kwatancen da ya fi kusa shi ne dandalin gaɗa. Ko dai akwai makaɗi guda da kowa ke bin gangarsa, ko kuma babu makaɗi, wata ta fara tafi, biyu suka amsa, goma suka shiga, har tafin ya zama ɗaya.

Masu ra'ayi na farko suna cewa akwai makaɗa. Hujjarsu ita ce an sami wasu ƙwayoyi a dunƙulen da ke ci gaba da bugu bi-da-bi ko an raba su da maƙwabtansu, saboda wata ƙofa a jikinsu da ke barin sinadarin sodiyam yana ɗiga ciki har ƙwayar ta cika ta harba. Wannan ya yi kama da abin da aka sani game da zuciya, shi ya sa ra'ayin ya karɓu da wuri. Matsalarsa ta bayyana tun daga 2002, da aka sa maganin da ke toshe wannan ƙofa, makaɗan suka yi shiru, amma bugun numfashin bai tsaya ba. Masu kare ra'ayin suka amsa cewa makaɗan iri biyu ne, an rufe bakin ɗaya an bar ɗaya.

Ra'ayi na biyu, wanda Diethelm Richter na Jamus ya daɗe yana jagoranta, ya ce bugun yana fitowa daga ja-in-ja tsakanin rukunoni. Rukunin shaƙa ya tashi ya danne na fitarwa, ya gaji, na fitarwa ya tashi ya danne shi. Su ne suka raba numfashi guda zuwa matakai 3: shaƙa, da birkin bayan shaƙa, da fitarwa. Wannan birki shi ne ke hana iska fita lokaci ɗaya, kuma a cikinsa ake magana da karatu da haɗiya. Raunin ra'ayin shi ne, ko an hana ƙwayoyin danne juna a wancan siririn yanki, bugun yana nan. Amsarsu ita ce yankin jaririn ɓera a cikin kwalba ba ya wakiltar dabba mai rai da ke gudu da ci da kuka.

Ra'ayi na uku, wanda Feldman ya koma kansa, shi ne na tafi ba makaɗi. Bayan kowace shaƙa ƙwayoyin suna yin laushi na ɗan lokaci. Sai 'yan kaɗan su fara motsi, su zuga na kusa da su, su ma su zuga wasu, har abin ya game dunƙulen duka ya fashe ya zama shaƙa. Sannan a sake laushi, a sake farawa. Babu ƙwayar da dole sai ita.

A yau hujjoji sun fi karkata ga na uku wajen asalin bugun, tare da yarda cewa danniyar da masu ra'ayi na biyu ke magana a kai ita ce ke gyara siffar numfashi da saurinsa. Makaɗan ma ba a yar da su ba. Akwai gwajin da ya nuna cewa idan oksijin ya ƙare sarai, numfashin fizga na ƙarshe, wanda jiki ke ƙoƙarin farfaɗo da kansa da shi, ya dogara ga wancan ɗigar sodiyam. Sai dai a riƙa tunawa cewa kusan duk wannan ilimi daga ɓeraye aka samo shi, domin ba a yi wa mutum irin wannan gwaji.

An kuma gano cewa dunƙulen ba shi kaɗai ba ne. Gaba da shi kaɗan akwai wani rukuni da ke barci har sai an shiga gudu ko aikin ƙarfi, sannan ya tashi ya sa tsokar ciki ta turo iska waje da ƙarfi. Ajiyar zuciya ma tana da nata ƙwayoyin, 'yan ɗaruruwa, kamar yadda wani bincike na 2016 ya nuna. Mutum yana yin ta kusan sau 12 a awa ba tare da ya sani ba, ba don damuwa ba, don ta buɗe ƙananan jakunkunan huhu da suka fara manne wa juna.

Ma'aunin da ke sauraron jini

Bugu kaɗai bai isa ba. Dole tushen ƙwaƙwalwa ya san ko numfashin ya wadatar. Galibin mutane suna zaton ƙarancin oksijin ne ke sa a ji iska ta yi kaɗan. A zahiri abin da jiki ya fi sa wa ido shi ne kabon dayoksaid, iskar da muke fitarwa. Idan ta taru, jini da ruwan da ke kewaye da ƙwaƙwalwa suna ƙara tsami, wasu ƙwayoyi a gefen madula kuma su ji wannan tsami su matsa wa dunƙulen ya ƙara sauri da zurfi. Ma'auninta a jinin mai lafiya yana tsakanin 35 da 45. Ƙarin maki 5 kawai yakan isa ya ninka yawan iskar da mutum ke shaƙa. Oksijin kuwa sai ya faɗo daga wajen 95 zuwa kusan 60 kafin ma'auninsa ya ɗaga murya sosai. Wannan ma'auni na oksijin wasu 'yan ƙulli ne a jijiyoyin jinin wuya, waɗanda Corneille Heymans na Beljiyam ya sami kyautar Nobel ta 1938 saboda gano aikinsu.

Wannan ne ya sa ba wanda zai iya kashe kansa da riƙe numfashi. Kabon dayoksaid zai taru har tushe ya ƙwace ragama, in ma taurin kai ya kai mutum ga suma, numfashi zai dawo da kansa. Shi ne kuma ya sa yaron da zazzaɓin cizon sauro ya tsananta masa, ko mai ciwon suga da ya rikice, yake jan numfashi mai zurfi alhali huhunsa ba komai: jininsa ne ya yi tsami, tushe yana ƙoƙarin rage shi. Uwar da ta ga haka, asibiti ya kamata ta nufa ba kemis ba.

Akwai jarirai ƙalilan a duniya da ake haifa da wannan ma'auni a lalace. Da rana suna numfashi, da sun yi barci sai ya ɗauke, kuma ba sa jin komai. A 2003 aka gano ƙwayar gadon da ke jawo cutar, mai suna PHOX2B. Irin waɗannan yara da na'ura suke kwana tsawon rayuwarsu.

Inda kodin da tiramadol ke shiga

Abin da aka haifi waɗancan yara da shi, shi mai shan kodin yake jawo wa kansa na 'yan awanni. Hanta tana juya wani kaso na kodin ya koma mofin, wani maganin kashe raɗaɗi mai ƙarfi. Ƙwayoyin dunƙulen shaƙa, da wasu a fons, suna da makamar da mofin da danginsa irin su tiramadol ke maƙalewa, kuma da ya maƙale sai zugar da suke yi wa juna ta yi sanyi. Tazara tsakanin shaƙa da shaƙa ta ƙaru. A lokaci guda maganin yana dushe ma'aunin kabon dayoksaid, yana kuma kashe jin ƙuncin da ya kamata ya farkar da mutum. Masana suna da saɓani kan wane wuri ne ya fi ɗaukar alhaki, madula ko fons, amma ba su da saɓani kan sakamakon. Iskar banza tana taruwa, oksijin yana sauka, mai barcin bai sani ba. Ƙwaƙwalwa kuma takan fara lalacewa cikin minti 4 zuwa 6 idan oksijin ya yanke.

Girman abin ba ƙarami ba ne. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi suka fitar a farkon 2019 ya ƙiyasta mutum miliyan 4.6 a Najeriya suna shan magungunan dangin tiramadol ba bisa ƙa'ida ba, miliyan 2.4 kuma suna shan maganin tari don maye.

Abubuwa uku suke sa kwalbar da ba ta kashe wani ba ta kashe wani. Haɗawa da maganin barci irin su diyazefam ko giya, domin kowanne yana danne tushe ta tasa hanyar. Bambancin hanta, domin wasu tasu tana juya kodin zuwa mofin da sauri fiye da kima, dalilin da ya sa hukumar magunguna ta Amurka ta hana ba yara 'yan ƙasa da shekara 12 kodin da tiramadol a 2017. Sai wanda iyalai suka fi rashin sani: wanda ya daina sha na makonni, ko a gidan gyaran hali ko a kurkuku, jikinsa ya saki sabon da ya yi da maganin. In ya koma ya sha adadin da ya saba, wannan adadin na iya zama ajalinsa.

Alamomin su ne barcin da girgiza da kiran suna ba sa tayarwa, numfashi mai nisa da juna, minshari mai kama da shaƙewa, leɓe da farce sun canza launi, ɗan baƙin tsakiyar ido ya tsuke ƙwarai. "Ku bar shi ya yi barci, zai sake shi" ita ce shawarar da ta fi haɗari a nan. Ɗura masa madara ko manja kuma na iya tura ruwan cikin huhu. Abin yi shi ne a kwantar da shi a gefe, a garzaya asibiti, a kuma faɗa wa likita gaskiyar abin da ya sha. Akwai allura mai suna naloksan da ke ture maganin daga makamarsa, numfashi ya dawo cikin 'yan mintuna. Ƙarfinta yakan ƙare kafin na abin da aka sha, don haka wanda ya farfaɗo ba a gaggawar mayar da shi gida.

Janareta, gawayi da kududdufi

Hayaƙin janareta da aka kunna a soro ko a shagon da aka rufe, da kaskon gawayi a ɗaki lokacin hunturu, ba sa kashe dunƙulen kai tsaye. Yaudarar ma'aunin suke yi. Kabon monoksaid da ke cikinsu yana kama jini fiye da oksijin sau 200 da wani abu, ya hana shi ɗaukar oksijin. Amma ma'aunin wuya oksijin da ya narke a ruwan jini yake dubawa, shi kuma bai ragu ba, kabon dayoksaid ma bai taru ba. Don haka ba a jin ƙuncin numfashi. Ciwon kai ne da jiri da kasala, mai barci kuwa ko wannan ba zai ji ba.

Yaran da ke gasar nutso a kududdufi suna da irin wannan tarko. Wanda ya yi ta haki da gangan kafin ya nutse ya zubar da kabon dayoksaid ɗinsa, ba tare da ya ƙara wani oksijin kirki ba. Sai oksijin ya ƙare kafin ƙararrawa ta kaɗa, ya suma a ƙarƙashin ruwa.

Bakwaini

A jikin bakwaini dunƙulen da ma'aunin ba su gama nuna ba. Numfashinsa yakan ɗauke, kuma idan ɗaukewar ta kai daƙiƙa 20, ko launinsa ya canza, likitoci suna ɗaukar ta cuta. A ɗakunan jarirai ana ba su kafeyin, sinadarin da ke cikin goro da kofi, a ma'aunin da aka lissafa da nauyin jariri, don ya zaburar da tushe. Wani babban gwaji da aka wallafa a 2006 ya tabbatar da amfaninsa. Wannan aikin asibiti ne, ba abin gwadawa a gida da ruwan goro ba. Yawanci matsalar tana gushewa da kanta yayin da jaririn ya kusa cika kwanakin da ya kamata a haife shi.

Idan tushen ya mutu

Na'urar numfashi ta kawo tambayar da magabata ba su fuskanta ba. Tun annobar shan inna ta Kofanhegin, babban birnin Denmark, a 1952, inda ɗaliban likita suka riƙa matsa wa marasa lafiya iska da hannu dare da rana, aka san ana iya yi wa tushe aikinsa daga waje. To idan tushen ya mutu baki ɗaya, na'ura tana hura huhu, zuciya kuma tana bugawa saboda nata bugun a jikinta yake, mutumin yana raye ko ya rasu?

Likitoci suna da gwaji. Bayan sun tabbatar ba maganin maye ko sanyin jiki ne ya danne tushen ba, suna duba motsin ido da tari da sauran ayyukansa. Sannan su ba da oksijin, su cire na'urar na ɗan lokaci, su bar kabon dayoksaid ya hau sama da 60. Tushen da ke da sauran rai ba zai iya yin shiru ba a wannan matsayi. Birtaniya tun 1976 ta ɗauki mutuwar tushe a matsayin ma'auni, Amurka kuma tana sharɗanta mutuwar ƙwaƙwalwa duka.

Malaman fiƙihu ma sun kasu. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Amman a 1986, ta ce idan ƙwaƙwalwa ta daina aiki gaba ɗaya, ƙwararrun likitoci kuma suka tabbatar ba dawowa, mutum ya rasu a shari'a, kuma ya halatta a cire na'ura. Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa, wato Ƙungiyar Musulmin Duniya, a Makka a 1987, ta yarda a cire na'urar bayan likitoci 3 sun tabbatar, amma ta ce hukuncin mutuwa ba ya hawa sai zuciya da numfashi sun tsaya bayan cirewar. Bambancin yana shafar lokacin da idda da rabon gado za su fara, da batun ɗaukar sassan jiki don dashe. Ga iyalin da ke tsaye a ƙofar ɗakin kulawa ta musamman, ana lissafa musu kuɗin kowace rana, majalisun biyu sun haɗu a kan cewa cire na'ura daga wanda aka tabbatar ƙwaƙwalwarsa ta mutu ba kisa ba ne. Wannan hukunci bai shafi mai doguwar suma da tushensa ke aiki ba, wanda ke jan numfashi da kansa ko da bai san inda yake ba.